Ƙasar Jinga a Bangon Ɗakina

Tun ranar da tifa ta juye yashi a ƙofar gidana na rasa sukuni. 'Ya'yana ne suka haɗa kai za su rushe tsohon ɗakin ƙasan da nake kwana a ciki, su yi mini na bulo mai silin da fanka, wai kunya suke ji abokansu su zo gaisuwa su tarar da ubansu a ɗakin da ƙadangare ke leƙowa ta tsagar bango. Na gode musu, Allah ya yi musu albarka. Sai dai duk lokacin da babban ya ce, "Baba, yaushe za a kwashe kayanka?" sai in ce a bari sai jibi. Jibin nan ta yi wata biyu ba ta iso ba. Su a zatonsu son tsohon abu ne irin na tsofaffi, har ƙaramarsu tana tsokanata wai ko na binne tukunyar azurfa ne a ƙarƙashin gado. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Akwai abin da ke cikin bangon nan na gabas wanda na shekara da shekaru ina tsoron ranar da diga za ta tono shi, kuma na ga gara in riga digar magana.

Yaran yanzu ba su san yadda ake gina gida ba, sun dai san yadda ake sayensa guntu-guntu. A kawo bulo daga nan, a kawo siminti daga can, a ɗauko wani magini da ba ka san ko sunan ubansa ba, ya zo da 'yar rediyonsa, cikin mako uku gini ya kai linta. A zamaninmu gida a ƙarƙashin ƙafar mutum yake, sai ya haƙo shi. Kuma mu mutanen bakin kogin Haɗeja ƙasa ba ta yi mana sauƙi ba. In ka hau jigawa, rairayi ne zalla, ka dunƙula shi ya watse a hannunka. In ka gangara fadama, baƙar laka ce mai danƙo, ta bushe ta tsattsage kamar faso. Sai an haɗa su biyun, a zuba busasshiyar ciyawa da kashin shanu, a kwarara ruwa, maza su naɗe wando su shiga suna tattakawa. Har yanzu in na rufe ido ina jin cakal-cakal ɗin ƙafafun nan, da ihun wanda ƙaya ta soka, da dariyar sauran. In an gama a tara ta a rufe, a bar ta ta yi kwanaki, a sake buɗewa a tattake, a sake rufewa, har sai ta ruɓa ta fara wani irin wari da mu ba ma ƙyamarsa. Sannan ne za a dunƙula tubali a shanya. Wajen ɗorawa ma ba a haɗama, a yi sahu biyu ko uku a sauko, a bar wa rana nata aikin. Shi ya sa gidan kirki yakan ci rani biyu, wani ma uku, kuma babu mai ganin an daɗe.

Wanda ya koya mini duk wannan Baffa ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifin nawa. Shi ne maginin garinmu, har ƙauyukan wajen Guri ana aiko masa da jaki ya je ya ɗora azara. Gajeren mutum ne mai manyan hannaye, ba shi da yawan magana, amma in ya yi ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Idan aka kira shi duba ƙasar gini ba ya tambayar kwana nawa ta yi. Zai ɗebo kaɗan ya murza, ya kai hanci, wani lokaci har ya ɗan taɓa da harshe, sannan ya ce, "Ba ta nuna ba," ya kakkaɓe hannu ya tafi. Ko za ka yi kuka ba zai hau bangonka ba sai ranar da ya ce ta nuna. In kuwa ya hau, zai zauna bisa bangon kamar mai hawan doki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa da hannu ɗaya ba tare da ya duba ba, kana jin tim, tim, tun daga bakin masallaci.

Akwai kuma jinga, wadda sai na bayyana ta don na birni. Garinmu a kan ɗan tudu yake, kogi ya kewaye mu ta kudu. Ruwanmu ba na samanmu kaɗai ba ne. Can ƙarshen damina, ko da sama ta yi garau, ruwan da aka yi a ƙasar Kano yakan biyo kogi ya iso mana a hankali, yau ya ci gonar shinkafa ta ƙasa, gobe ya ci ta sama, jibi ka gan shi yana lasar bayan gari. Abin da ke tsakaninmu da shi shi ne jinga, doguwar ganuwar ƙasa da kakanninmu suka fara, mu kuma muka tarar. Kowane gida da rabonsa, wanda ke bakin kogi nasa daidai bayan gidansa. Duk rani in ruwa ya janye Bulama, mai garinmu, yakan kira gayya, a shiga cikin kogi a kwaso laka, a ɗora, a tattake da ƙafa, ana kiɗa ana ba'a, mata na kawo kunu. Lakar cikin kogi kuwa tana da alama, cike take da 'yan ƙananan katantanwa farare, waɗanda ba ka samu a ƙasar ko'ina cikin garin. Babu mai taɓa jinga. Akuya ta hau a kore ta, yaro ya yi sulu a kai ya sha bulala a hannun duk babban da ya gan shi, uwarsa kuma ta yi godiya. Rabon Baffa shi ne abin nuni. Bulama yakan ja malalata ya kai su wurin ya ce su buɗe ido su ga yadda ake yi.

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. Na yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi, daga nan na samu aiki wajen wani ɗan kwangila a cikin Haɗeja, shekarun nan da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa yana gaggawa kamar ana korarsa. Na dawo gida da keke da agogon hannu da rediyo, ina ganin mutanen garinmu barci suke yi. Ni da mai ɗakina muna zaune a ɗaki ɗaya cikin gidan Baffa, ba wanda ya taɓa nuna mana gajiya, Inna matar Baffa ma kamar ta goya ta. Amma da ta samu ciki na fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wajen Auyo, sai na zauna a majalisa gindin tsamiya na cika baki. Na ce in ta gama wanka ba gidan kowa za ta dawo ba sai gidana, kuma ba ɗaki ɗaya ba, da nata da nawa, nawa ma soro da azara. Abokai suka yi shewa. Ɗaya ya ce in na gama a rani ɗaya zai zagaye gidan da rarrafe. Baffa da labari ya kai masa bai ce komai ba sai, "To, Allah ya ba da iko." Washegari ya ɗauki igiyarsa ya zo ya auna mini tushe.

Aiki ya yi gudu, ba na musu. Bulama ya ba ni fili a sama, wajen da ruwa bai taɓa kaiwa ba. Abokan nan masu yi mini dariya su ne suka tattake mini ƙasa, ni kuma na yi ta jigilar ruwa da jaki har kafaɗata ta saɓule. Katanga ta zagaye, ɗakin mai ɗakina ya tashi aka yi masa jinka, nawa ma ya kai wuya. Na riga na sayo azarar giginya na jingine, kullum da safe sai na shafa ta. Sai ƙasar da muka ruɓar ta ƙare, saura sahu kaɗan a bangon gabas kafin ya kai inda za a ɗora azara. A makon ne kuma shamuwa ta sauka a kan kukar bayan masallaci, gabas ta fara yin duhu da yamma. Kowa ya san ma'anar wannan. Sabuwar ƙasa ba za ta nuna ba kafin ruwa ya sauka.

Na sami Baffa yana gyaran ƙotar fartanya na ce, "Baffa, a kwaɓa sabuwa mana, ko kwana uku ta yi a ɗora."

Bai ɗago ba ya ce, "Ƙasar kwana uku ba ta ɗaukar azara. Ka rufe kan bangon da zana, ka ɗaure da kyau, baɗi mu ƙarasa. Ɗakin yarinya ya kammalu, ai shi ne mai wuyar. Kai ka kafa rumfa ka kwana."

Na ce, "Baffa, na riga na faɗa a gaban mutane."

Sai ya dube ni ya ce, "Mutanen ne za su kwana a ƙarƙashin azarar, ko kai?"

Na tashi ina huci. A raina har cewa na yi tsufa ne ya fara kama shi. Rumfa! Ni da keke da agogo in kwana a rumfa, ana wucewa ana nuna bangon da na kasa ƙarasawa. Yau in na tuna abin da na ƙi saboda shi, sai in rasa inda zan sa kaina.

Ana nan sai aka sa ranar su a babban tafkin gabas da gari. Wanda bai ga su na wancan zamani ba ba zai gane ba, gari ne yake tashi kacokan, maza da koma da gora, mata da ƙwarya, tsofaffi ma su bi don kallo da rabon kifi. Na ce kaina ke ciwo na kwanta. Da hantsi ya yi gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya, sai na ɗaura wa jaki mangala na ɗauki diga. Ba zan ce shaiɗan ya ruɗe ni nan take ba, don na kwana uku ina saƙa abin. Na san inda nunanniyar ƙasa take, wadda aka shekara da shekaru ana tattakawa, ba ta bukatar komai sai ruwa. Kuma na san wadda ta fi kowacce kyau. Bayan gidan Baffa akwai wata geza mai duhu da ta rufe gindin jinga ta ciki, a nan na durƙusa na fara sara. Ƙasar tana fitowa dunƙule-dunƙule, baƙa, mai nauyi, katantanwa na walƙiya a ciki. Na yi ta kai da kawowa har rana ta karkata. Ramin da na bari, mutum zai iya shiga ya zauna. Na ɗebo rairayi na cika shi, na shafe bakin da laka, na jawo ƙaya na rufe. Na ce wa kaina aro na yi, da rani zan mayar, jinga mai kauri haka ba za ta san an taɓa ta ba. Ni da na tashi a gidan magini na san abin da ruwa ke yi wa rairayi, amma na kau da kai.

A bayan katanga na dunƙula tubalin, zafin bazara ya busar da shi da wuri, na hau na ɗora da kaina, na bi da yaɓe ciki da waje tun bangon bai gama shan iska ba, don kada ido ya ga abin da ke ciki. Da Baffa ya zo ya ga bango ya kai, ya tsaya ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya saurara. Ya ce, "Ina ka samo?" Na ce wani abokina ne a ƙauyen gaba ya fasa gini ya bar mini tasa. Ya sake ƙwanƙwasawa ya ce, "Ta nuna. Hannunka ma ya fara kyau." Tun ina yaro nake jiran wannan kalma daga bakinsa, ga ta ta zo, na kasa haɗa ido da shi. Ya hau ya ɗora mini azara, aka yi rufi, aka sa indararo. Mata suka zo suka yi daɓe suna waƙa, ƙarar madaɓi har bakin kogi. Mai ɗakina ta dawo da ɗa namiji a bayanta, ta shiga gidanta. Abokin nan da ya yi alkawarin rarrafe ya ɗan taɓa gwiwa a ƙasa aka yi dariya. Na yi 'yan makonni ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Ruwa ya zo a lokacinsa, bai ma kai na wasu shekarun yawa ba. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ina ɗaure akuya, sai na ji ihun mata daga kudu. Tun kafin a faɗi wurin na riga na sani. Ko da na isa ruwa ya huda jinga daidai gindin gezar nan, yana tuttuɗowa ja wur, ɓarakar tana faɗaɗa muna kallo. Maza suka yi ta jefa buhuna da zana da ƙyauren ɗaki, wasu suka shiga suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Sai bayan azahar aka samu aka toshe. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma gidan Baffa shi ne a baki, shi ya sha ruwan. Soron da Baffa da mahaifina suka gina tun suna samari ya jiƙe daga tushe, ya yi ta zama a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, sannan ya kife. Rumbunsa ya fashe, geron bara ya bi ruwa. Katangun maƙwabta biyu suka zube. Na ga Inna tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta rungume tukunya ɗaya, tana kallon inda ɗakinta yake dā. Gidana kuwa can a sama, ko danshi bai taɓa shi ba.

Da la'asar Bulama ya tara maza a ƙofar gidansa, ransa a ɓace. Ruwa ya wanke wurin tas, babu rairayi, babu ƙaya, babu wata alama. Abin da kowa ya sani shi ne rabon wa ya fashe. Bulama ya dubi Baffa a gaban yara da manya ya ce, "Magini, da wani ne da ban yi mamaki ba. Kai da nake kai mutane su ga aikinka? Kana can kana gina wa mutane soraye, ka bar bayan gidanka ya ruɓe, ka kusa kashe mu." Wani daga baya ya ce ai tsufa ne, wani ya ce ƙila gafiya ce ta yi rami bai lura ba. Baffa yana zaune, rigarsa jiƙe da laka. Na ga yana juya abin a ransa, yana neman inda ya yi kuskure. Sannan ya ce, "Na ji, Bulama. Rabona ne. Sakacina ne, a yafe mini."

Ina nan zaune, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na yi niyyar faɗin gaskiya. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma abin da ya fito daban. Na ce, "Baffa da Inna su taho gidana, akwai wuri." Nan take wuri ya ɗauki sa albarka. Ɗan halak, in ji wannan. Riƙo bai faɗi ƙasa banza ba, in ji wancan. Bulama da kansa ya miƙo mini hannu. Ban taɓa jin ƙazanta a jikina irin ta ranar ba, kuma na karɓi hannun.

Inna ta shiga ɗakin mai ɗakina, Baffa ya shiga sorona, ni kuma na kafa rumfa a tsakar gida na kwana a ciki har ƙarshen damina, rumfar nan dai da na ce ta fi ƙarfin mutuncina. Baffa ya rage fita. Yakan zauna a kan buzu ya yi ta jan carbi, abinci ma sai Inna ta matsa. Bangon gabas kuwa shi ke shan dukan ruwa, ga yaɓen da na yi cikin gaggawa, sai ya fara kumbura ta ciki. Wata rana bayan la'asar na shiga kai masa fura, na tarar ya juya wa ƙofa baya yana fuskantar bango. Yaɓe ya ɓanɓare ya faɗo, wuri kamar faɗin faifai. Ga baƙar ƙasa a fili, ga katantanwa farare tar, sun yi jere kamar haƙora.

Ya ce, "Saki asabarin nan." Na saki. Ya sa farce ya ɓanɓaro guda ɗaya, ya kamo hannuna ya ɗora mini a tafi. Ya ce, "Wuri ɗaya ake samun wannan a garin nan. Da ƙafata na tattake ta, ni da ubanka."

Na zube a gabansa. Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Yanzu zan je wajen Bulama in faɗa."

Ya ce, "Da za ka je, da ranar ka faɗa." Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma ya zage ni. Sannan ya ce, "Tashi ka kawo mini ƙasa da ruwa a ƙwarya, kada matan su gani."

Na kawo. Ya kwaɓa da kansa, ya miƙe da ƙyar, ya fara shafe wurin, yana bi da tafin hannu a hankali yadda ya saba. Yana yi yana magana, bai dube ni ba. "Ni an riga an faɗa a kaina, an gama. In ka je yanzu, gida ɗaya ne zai ji kunya sau biyu. Ni na kusa tafiya. Kai ne za ka zauna da mutanen nan, yaron nan da aka haifa kuma a garin nan zai nemi aure. Kada in ƙara jin maganar." Ya gama, ya wanke hannu a ƙwaryar, ya ce in miƙo masa furar.

Abin da ya fi ci mini rai har yau ba haƙar jingar ba ne. Da na fito daga ɗakin nan, sanyi na ji a raina. Daɗi na ji an rufa mini asiri. Na riƙe maganarsa ta kada in ƙara tayar da zancen kamar wani umarni mai tsarki, alhali na san ba biyayya ce ta rufe mini baki ba, tsoro ne.

Da rani aka yi gayya aka tayar wa Baffa ɗaki ɗaya a tsohon wurinsa, amma ba a ƙara kiransa gini ba. Masu sabon gini suka koma ɗauko wani daga ƙauyen gaba. Ba wanda ya ce masa komai, jakin ne kawai ya daina zuwa. Ya koma tufkar igiya a ƙofar gida, manyan hannayen nan suna murza kaba. Abin har ya zama abin tsokana a gari, in mutum ya yi aikin ha'inci sai a ce ya yi irin ta magini. An sha faɗa a gabana. Wata rana a majalisa aka faɗa aka yi dariya, na ji ni ma bakina ya motsa. Ni kuwa duk gayyar jinga ni ne na farkon zuwa, ni ne na ƙarshen tashi, ina ɗibar laka kamar mahaukaci, har Bulama ya ɗora ni a kan aikin, ya koma kai malalata su ga rabona. Baffa ya yi 'yan shekaru ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ko sau ɗaya bai ƙara ɗaga maganar ba, kuma ko sau ɗaya bai canza mini fuska ba.

Yanzu komai ya sauya. An tare ruwan a can sama, kogin ya rikice, wata shekara ya ƙi zuwa, wata shekara ya zo da hauka, ciyawar kacala ta cinye inda muke su. Jinga tana nan, amma buhunan yashi ake jibga mata, ba mai tattaka laka da ƙafa, ba kiɗa, ba kunu. Ran Juma'ar da ta wuce na yi ƙarfin hali bayan an sallame, na ce wa waɗanda ke zaune a ƙofar masallaci ina da magana a kan magini da shekarar da jinga ta fashe. Suka dube ni da ladabi. Ɗaya ya ce, "Wane magini, Baba?" Sa'ana ɗaya da ya rage a wurin kunnensa ya tafi, sai murmushi yake yi mini yana gyaɗa kai.

Jiya na kira babban ɗana, wanda aka shigo da shi gidan nan a goye, shi ma yanzu furfura ta fito masa. Na saki labule, na nuna masa bangon gabas. Na sha yi wa ɗakin nan yaɓe, amma ban taɓa bin ta kan wurin nan ba, har yanzu ana ganin sawun yatsun Baffa guda biyar inda ya ja hannunsa na ƙarshe. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To Baba, a bar ɗakin mana. Sai a yi sabon a gefe."

Na ce a'a, a rushe. Amma ƙasar bangon nan ba za a zuba ta a kududdufi ba, ba kuma za a cike tsakar gida da ita ba. A loda ta a kura, da rana tsaka, ranar da kowa ke gari, a bi ta tsakiyar kasuwa a kai ta bayan inda gidan Baffa yake dā, a mayar wa jinga abinta. Ni zan shiga gaba da sandata, duk wanda ya tambaya ƙasar mece ce wannan, ni zan ba shi amsa.

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Baba, ba wanda zai tambaya."

Na san gaskiya ya faɗa. Waɗanda za su tambaya duk suna can maƙabarta kusa da Baffa, kuma da abin da suka ji a ƙofar gidan Bulama suka tafi.